Ranar da Magulmaciya Ta Yi Shiru a Orvik

Ni na ba Delbert na'urar, ni na ɗaura masa ita a mota, ni ne kuma na taɓa abin da bai kamata a taɓa ba a cikinta. Gara in faɗi wannan tun yanzu, kada wani ya zaci ina neman wanda zan ɗora wa laifi.

Sunana Wendell Tomek. Shekara ashirin da shida na yi ina tallan magungunan shanu a yammacin jihar Nebraska ta Amurka, daga wannan garke zuwa wancan, kuma a duk tsawon shekarun nan sau biyu kacal ɗan sanda ya rubuta mini takardar laifin gudu. Ba wai a hankali nake tafiya ba, ina! Ina dai da na'urar da ke jiyo radar 'yan sanda tun daga nesa, ta yi kuka kafin su auna ka, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka zo ka wuce su salin-alin kamar mai tafiya coci. Na sha canza su. Ta ƙarshen ita na sa wa suna Magulmaciya, don ba ta jin abu ta riƙe a ciki. Da ciwon sukari ya ci mini ido aka karɓe lasisina, na sayar da motar, amma ita na kasa rabuwa da ita, na jefa ta a aljihun teburin kicin.

Delbert Novotny mijin ƙanwata Arlys ne. Shekara arba'in da ɗaya da aurensu, Allah bai ba su haihuwa ba. Shi ke kan sikeli a rumbun hatsi na garinmu Kessel, yana auna motocin masara tun ƙarfe shida na safe. Mutum ne mai sanyin jiki, ko gaisawa kuke yi sai ka ƙosa kafin ya gama amsawa. Kunkuru nake ce masa tun yana zuwa zance gidanmu, shi kuma da idona ya tafi ya sa mini Makaho, muka yi canjaras.

Ciwon mantuwa ya kama Arlys tana da shekara sittin da biyu. Da farko makulli ne da tabarau, sai tukunya a kan wuta, har ranar da wani direba ya tsince ta a bakin babbar hanya da silifas cikin sanyi, wai za ta je taryen mahaifinmu, wanda ya shekara talatin a ƙasa. Ba a sami gado a kusa ba sai a gidan kula da tsofaffi na garin Ardell, mil casa'in da huɗu daga nan. Delbert kuma ba shi da halin barin aiki ya koma can, don inshorar aikin ce ke riƙe da gadon.

Ƙarfe biyar da kwata ake kawo musu abincin yamma. A wannan lokacin Arlys tana cikin hayyacinta. Ta san fuskarsa, tana kiran sunansa, kullum sai ta yi masa faɗa kan ƙurar masara da ke wuyan rigarsa ta sa hannu ta kakkaɓe, kuma ba ta buɗe baki ga cokalin kowa sai nasa. Da shida ta gabato sai ta ɓace, jiki yana zaune amma ba kowa a ciki. Wata nas ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: ganinsa kullum shi ne abin da ke riƙe da shi a kanta, ranar da ya fara tsallake kwanaki za ta sake shi. Wannan rabin awar ita ce duk abin da ya rage wa Delbert a duniya.

Ƙarfe huɗu yake tashi daga aiki. In ya bi doka, awa ɗaya da rabi ce da ɗoriya, ya tarar an kwashe kwanuka. Sai Kunkuru ya koyi gudu da tsufansa, kuma bai iya ba, don bai san inda ake laɓewa ba, bai san inda ake ɗaga ƙafa ba. Cikin wata goma sha huɗu aka rubuta masa takarda uku, kowacce maki uku a kan lasisinsa. Maki tara ke nan. Duk wanda ya kai sha biyu, wata shida ba shi ba tuƙi.

Ranar da aka ba shi ta ukun ya zo ya zauna a kicin ɗina yana ta juya hula a hannu. Na ja aljihun tebur na fito da Magulmaciya. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Shekara ɗaya da rabi ba wanda ya tambaye ni wani abu in ban da yaya sukari, yau ga mutum yana bukatar abin da na sani.

Da lalube na ɗaura ta, shi yana riƙe da tocila yana karanta mini launin wayoyi. Na ɓoye ta a bayan madubi, inda gilashi ke da duhu, na jawo mata wuta daga wayar madubin don kada a ga igiya tana reto. Na kashe hasken allonta gaba ɗaya, saboda ɗan sandan da ke binka a baya kada ya hango walƙiya, shi ma Delbert kada ya riƙa ɗauke ido daga hanya. Na ce masa kunnensa kawai nake so.

“In ta yi kuka, ɗaga ƙafa kafin ka yi tunani,” na ce masa. “In ta yi shiru, hanya taka ce. Maimaita in ji.”

Ya maimaita kamar ɗan makaranta. Na sake sa shi, ya sake.

Wata uku abin yana tafiya yadda ake so. Sau biyar ta cece shi, yana dawowa yana ba ni labari, har da 'yar dariya, abin da na daɗe ban ji daga bakinsa ba. Ya gasa mini kolaci, irin ƙananan burodin nan masu zaƙi, da hannunsa daga littafin girkin Arlys, masu tauri kamar dutse, na ci na yaba.

To, Magulmaciya murya biyu gare ta. Akwai mai kaushi, wadda sabbin bindigogin auna gudu na 'yan sandan jiha ke tayarwa, wannan ba ta ƙarya. Akwai kuma siririya, wadda ƙofofin kanti masu buɗe kansu ke tayarwa, da ta banki, da ta kantin magani. Matsalar ita ce tsofaffin bindigogin da 'yan sandan gunduma ke riƙe da su har yau, su ma da wannan siririyar muryar suke magana. Shi ya sa mu 'yan hannu muke toshe ƙofofi da kanmu, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi kuka, ka duba da idonka ka tabbatar ƙofa ce, ka danna maɓalli sau biyu, ta riƙe wurin a kanta, ba ta ƙara kuka a nan. Duk ƙofofin da ke hanyoyina haka na bi na toshe su. Amma bayan na daina tuƙi an yi sabbin kantuna a shigar Ardell, har guda bakwai a jere.

Da kaka ta shigo, motocin masara suka yi layi har bakin titi, Delbert ya zo mini a gajiye ya ce ya kusa jefar da Magulmaciya ta taga. Wai daidai lokacin da yake son ya natsu ya shiga wajen matarsa, a nan take ɓarkewa da ihu, ƙofa bayan ƙofa, gabansa yana ta faɗuwa, ya isa a rikice har ya zubar wa Arlys da miya a riga. Na ce ya danna maɓallin. Ya ce shi ba ya sakin sitiyari yana laluben bayan madubi.

“Ka rufe mata baki, Makaho, ko in cire ta.”

Maganin abin mai sauƙi ne. Da na shiga motar na bi shi yamma ɗaya, shi yana ce mini ƙofa ce, ni ina dannawa, da an gama. Amma bin sa yana nufin in shiga ɗakin nan in ga Arlys, ni kuwa tun da aka kai ta sau biyu na je. Ba na iya jurewa. Ni na koya mata hawan keke, ni na raka ta coci ranar aurenta, ba na son in tarar da ita an ɗaura mata ƙyalle a wuya kamar jaririya. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Akwai wani saiti a cikin na'urar da ake kira koyo da kai. In ka kunna shi, duk inda ta ji siririyar murya a wuri ɗaya har sau uku, sai ta yanke wa kanta hukunci cewa ƙofa ce, ta toshe wurin ba tare da ta tambayi kowa ba. Duk ɗan hannu ya san ba a kunna wa mai bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Ni da bakina na sha gargaɗin 'yan talla irina a kan haka a gidajen shan kofi. Ran Lahadi na zauna a motar Delbert da gilashin ƙara girman rubutu, na kunna hasken allon, na nemo saitin na kunna, na sake kashe hasken. Na ce wa raina ɗan sanda ba ya kwana uku a wuri ɗaya, suna da gajen haƙuri. Ban gaya wa Delbert abin da na yi ba, na ce dai ya ba ta kwana uku za ta yi hankali.

A tsakiyar hanyar akwai wani ɗan ƙauye, Orvik, gidaje ba su fi talatin ba, da coci da makaranta. A nan dokar gudu ke sauka daga mil sittin da biyar a awa zuwa talatin da biyar. Ran Litinin Magulmaciya ta yi kuka da siririyar muryar tun kafin a hango hasumiyar cocin, Delbert ya taka birki, ya ga hancin motar ɗan sandan gunduma a bayan bishiyoyin da ke gefen makabarta. Talata haka. Laraba haka. A daren Laraba ya kira ni yana murna, ya ce kantunan Ardell sun fara yin shiru, sannan ya ce wani ɗan sanda ya tare a Orvik kamar an ba shi gado. Na yi dariya na ce ya gaishe shi. Na ajiye waya na sha maganina na kwanta, abin bai faɗo mini a rai ba ko kaɗan. Har yau in na tuna wannan dariyar sai in ji kamar in mari kaina.

Ran Alhamis wata mota ta mutu a kan sikeli, bai samu ya fita ba sai huɗu da minti goma. Ya tunkari Orvik yana kasa kunne. Shiru. Ya wuce allon farko, shiru. Ya ce a ransa mutumin ya gaji ya tafi, hanya tasa ce, haka aka koya masa. Na'urar tana jin bindigar sarai, tana ma nunawa a allo, amma allon a kashe yake, ni na kashe shi.

Mil hamsin da takwas a inda doka ta ce talatin da biyar. Ɗan sandan ya yi masa magana da ladabi, ya ce iyayen yara ne suka kai ƙara shi ya sa ya wuni a wurin duk makon, kuma kwana uku yana kallon wannan motar tana tahowa a guje tana cin birki. Delbert ya gaya masa zancen Arlys. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Allah ya ba ta sauƙi, yallaɓai,” ya miƙa masa takarda. Sai shida da 'yan mintuna ya isa Ardell, ya tarar an kwantar da ita ba ta ci komai ba.

Washegari ya kawo mini Magulmaciya a jakar takarda ya ajiye a kan tebur, ya ce ta lalace. Bayan ya tafi na jona ta da wuta, na ɗauko gilashina na buɗe jerin wuraren da ta toshe. Ga kantunan Ardell bakwai. Ga na takwas a tsakaninsu: Laraba, huɗu da minti talatin da takwas, Orvik. Lafiyarta ƙalau. Abin da na sa ta shi ta yi.

Kwana biyu na kasa cin abinci. A na uku na dogara sanda na taka har rumbun hatsi, na same shi a ɗakin sikeli, na gaya masa komai, har da cewa na san haɗarin tun kafin in kunna, har da dalilin da ya hana ni bin sa. So nake ya zage ni, ko ya kore ni. Ya daɗe yana kallon wata mota da ke hawa sikeli, ya rubuta nauyinta, ya ɗaga wa direban hannu.

“Ni na ce ka rufe mata baki, Wendell.”

Rabon da ya kira ni da sunana tun kafin idona ya tafi. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ya je gaban alƙali da rigar coci, alƙali ya ce lissafin maki ba a hannunsa yake ba. Sati uku bayan haka wasiƙa ta zo, wata shida ba tuƙi. Aka ba shi takardar izinin tuƙi daga gida zuwa aiki, daga aiki zuwa gida, mil biyu ke nan, ko taku ɗaya ba ƙari. In aka kama shi a hanyar Ardell kurkuku ne, aiki ya tafi, gadon Arlys ya bi shi. Bas ba ya bi ta Kessel tun ina saurayi. Mutanen coci suka ce za su taimaka, kuma da gaske suke, amma wa zai bar gonarsa ana tsakiyar girbi ya yi mil ɗari da tamanin da takwas kullum? Abin da ya samu shi ne Lahadi. An gwada haɗa su ta waya mai hoto, Arlys ta ga fuska tana motsi a cikin gilashi ta tsorata, ta yi ta kuka har aka kashe.

Lahadin farko ya ce ta gane shi, ta yi fushi ta ce ina ya shige. Ta biyu sai da ya yi ta magana kafin ta kira sunansa. Daga nan ƙanƙara ta sauko ta rufe hanya Lahadi biyu a jere. Yana zuwa gidana da yamma bayan aiki, ya zauna yana kallon agogon bango, biyar da kwata ta yi ta wuce.

Da hanya ta buɗe, maƙwabciyarsa Verla Brandt ta ce za ta kai shi, ni ma na ce zan bi su. Da ya shigo motar na ji warin masara, na taɓa kafaɗarsa na ji rigar aiki ce. Ranar Lahadi, bayan coci. Da gangan ya sa ta, bai wanke ba, bai kakkaɓe wuyan ba. Verla tana tuƙi da hannu biyu, mil hamsin da biyar a awa, muka ratsa Orvik ba wanda ya ɗaga kai.

Mun tarar da Arlys a kujera kusa da taga. Ni inuwa kawai nake gani, amma ko inuwar ta ragu. Ma'aikaciyar da ke kula da ita, Yesenia, ta ce cokali uku ko huɗu take karɓa a rana, shi ma da lallashi. Ta ajiye tire ta ba mu wuri, kirɓaɓɓen dankali ne da romon nama.

Delbert ya ce, “Arlys, na zo.”

Sai na ji an damƙe mini hannun riga.

“Yaya! Ina ka shige? Baba yana ta nemanka tun ɗazu.”

Ni da na guje ta shekara biyu, ni ta gane. Na ce mata ga ni, na zo. Delbert ya durƙusa a gabanta, na ji gwiwoyinsa sun yi ƙara, ya ɗebi dankali ya hura ya kai mata. Ta kawar da kai, ta ƙara matse hannuna.

“Wane ne wannan, Yaya? Ka ce ya daina kallona.”

Na ce Delbert ne, mijinta. Ta yi dariya irin wadda take yi muna yara, ta ce miji kuma, ita da ba ta gama makaranta ba, in daina yi mata wasan banza. Ya sake gwadawa, ya kira ta da sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi, ya matso da wuyansa kusa da hannunta. Ta janye hannun. Ya jima a durƙushe da cokali a sama, abinci yana hucewa. Can ya dafa kujera ya miƙe, ya kamo hannuna ya sa mini cokalin.

“Kai ta sani. Ba ta.”

Na ce masa ba na ganin bakinta. Ya zagayo bayana, inda ba za ta gan shi sosai ba, ya tallafi gwiwar hannuna. Ƙasa kaɗan, in ji shi a hankali. Hura mata tukuna, ba ta son da zafi. Jira ta haɗiye. Haka muka yi ta yi, shi yana tuƙa hannuna, ni hawaye na zuba a kan rigata, ita tana ci tana ba ni labarin wata saniya da muka yi kiwo shekara hamsin da suka wuce. Ta kusa cinyewa sai ta jawo ni ta kai baki kunnena, da irin raɗarta da ake ji har bakin ƙofa.

“Yaya, dubi wuyan rigar mutumin nan, duk ƙura. Ba shi da mata ne?”

Hannun da ke riƙe da gwiwar hannuna bai sake ni ba.

“Saura cokali biyu,” in ji Delbert. “Ɗebo.”